Sakata, makulli da harsashi: yadda gandirobobi ke rasa rai a boren gidan yari

Gandiroban da ke aiki a cikin ɗakunan fursunoni ba ya riƙe bindiga. Mutane da yawa kan yi mamakin jin haka, amma kusan ko'ina a duniya haka tsarin yake. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da ɗaurarru, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun ce ma'aikacin da ke cuɗanya da fursunoni kai tsaye kada ya ɗauki makami sai bisa larura ta musamman. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutum ɗaya a tsakiyar mutum sittin ko ɗari, in da bindiga a ƙugunsa, ai tasu ce, ajiya kawai yake yi musu. Don haka bindigogi suna can bisa hasumiya da bakin babbar ƙofa. Na ciki kuwa bai wuce makullai da usur ko oba-oba ba, wani lokaci da kulki.

Me ke tsare ransa ke nan? Ƙarfen ƙofofi, da abokan aikin da za su kawo ɗauki cikin minti biyu ko uku, da kuma yardar yawancin fursunonin cewa yau zaman lafiya ya fi musu riba. Duk boren da aka kashe gandiroba a cikinsa, in aka bi sawu, za a tarar ɗaya daga cikin waɗannan ya ruɓe tun kafin ranar, kuma galibi akwai wanda ya faɗa ba a saurare shi ba. Amurka ta fi kowace ƙasa kafa kwamitocin bincike bayan irin wannan bala'i, ta kuma buga abin da suka gano, shi ya sa misalanta suka fi nuna abin dalla-dalla.

Gidan yarin Attica yana cikin karkara ne a yammacin jihar New York. A watan Satumban 1971 fursunoni fiye da 2,200 ne a ciki, alhali don kimanin 1,600 aka tanade shi. Fiye da rabinsu baƙaƙen fata ne 'yan birni, masu tsaron su kuwa fararen fata ne 'yan ƙauyukan yankin, babu abin da ya haɗa su sai katanga. Wanka sau ɗaya a mako, takardar bayan gida ƙunshi ɗaya a wata. Musulmin cikinsu suna kukan hana su ibada yadda ya kamata da yawan naman alade a abinci. A watan Yuli sun aika wa kwamishinan gidajen yari Russell Oswald takardar koke. A ƙarshen Agusta, da labari ya zo cewa an harbe George Jackson, wani fursuna baƙar fata ɗan gwagwarmaya, har lahira a gidan yarin San Quentin na Kalifoniya, ɗaruruwansu suka shiga ɗakin cin abinci da baƙin ƙyalle a hannu, suka zauna shiru, ba wanda ya taɓa abinci. Tsohon gandiroba ya san hayaniya ba ta kai irin wannan shirun ban tsoro ba, domin shirun mutum ɗari bakwai a lokaci ɗaya yana nufin akwai wanda ke ba da umarni kuma ana bi.

Sai an fahimci ginin kafin a fahimci abin da ya faru. Manyan rukunan ɗakuna huɗu ne suka kewaye fili, A da B da C da D. Rufaffun hanyoyi biyu suka ratsa filin suka gicciye a tsakiya, suka raba shi farfajiya huɗu. Mahaɗar tsakiyar, wadda suke kira Times Square, tana da ƙofar ƙarfe ta kowane ɓangare. Muddin ƙofofin nan suna kulle, rikicin da ya tashi a A zai mutu a A. Ranar 8 ga Satumba aka yi 'yar hatsaniya a farfajiyar A, da dare aka ɗauke mutum biyu zuwa ɗakin horo, jita-jita ta bazu cewa an yi musu dukan kawo wuƙa. Washegari da safe shugabanni suka yanke shawarar a mayar da rukunin mutanen ɗakunansu bayan karin kumallo maimakon a sake su farfajiya, aka kulle ƙofar farfajiyar. Ba a gaya wa fursunonin ba, kuma saƙon bai kai ga masu rakiyarsu yadda ya kamata ba. Mutane suka tsinci kansu a matse cikin rufaffiyar hanya, gaba a kulle, suka ɗauka tarko ne. Suka far wa laftanan da ya zo yi musu bayani, suka ƙwace makullai.

Har zuwa nan, abin bai wuce rikicin rukuni ɗaya ba. William Quinn, matashi ɗan shekara 28, shi ke tsaron mahaɗar, kuma ya yi abin da aka koya masa: ya kulle ƙofa. Fursunoni suka yi ta jijjiga ta, sai sakatar ta karye. Bincike ya nuna daga baya cewa sandar ƙarfen ta taɓa samun matsala shekaru da suka wuce, aka yi mata walda ta jeka-na-yi-ka, aka bi ta da fenti har ba a ganin tabon. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Suka doke Quinn a ka, suka ɗauki makullansa, cikin ɗan lokaci duk rukunan huɗu suka buɗe. Wayar gidan tsohuwa ce, ba ta iya sanar da kowa a lokaci ɗaya. Jiniyar da aka busa ita ce dai wadda ake busawa in fursuna ya gudu, don haka ma'aikatan da ke ɗakunan sana'a suka ci gaba da aikinsu har aka zo aka kama su. Babu rubutaccen shirin abin da za a yi in bore ya tashi. Kafin azahar mutum kusan 1,300 sun taru a farfajiyar D da ma'aikata kimanin 40 a hannunsu. Quinn ya cika a asibiti bayan kwana biyu.

Wannan shi ne wurin mutuwa na farko, mintoci goma zuwa ashirin na fari. Babu shugaba a lokacin, babu buƙata, fushi ne kawai da tsoro, kuma duk wanda ke riƙe da makulli shi ne abin nema. Daga nan ne dokokin aikin suka samo asali. Makullin da ke buɗe hanyar fita daga rukuni ba ya shiga cikin rukunin. Wanda zai shiga ƙidaya yakan bar shi hannun na waje, na waje ya kulle shi a ciki. Ƙofofi biyu masu bin juna ba a buɗe su tare, sai ta farko ta rufe kafin ta biyu ta buɗe. Duk wanda aka yi garkuwa da shi, ko shi ne shugaban gidan, ba shi da sauran muƙami, umarninsa na a buɗe ƙofa ba ya aiki. Dokokin suna da ban haushi, suna cin lokaci, kuma a daren da ma'aikata suka yi kaɗan su ake fara takewa.

Haka aka yi a gidan yarin jihar New Mexico a Santa Fe, cikin daren 2 ga Fabrairun 1980. Jami'ai sun shiga wani babban ɗakin kwana don ƙidaya wajen ƙarfe biyu na dare, wanda aka bari a bakin ƙofa bai kulle ta ba. Fursunonin sun sha giyar da suka haɗa da kansu, suka kama na ciki da na bakin ƙofa gaba ɗaya. Ƙofar ƙarfen da ke raba babbar hanyar gidan ita ma a buɗe take, don an saba barin ta haka saboda sauƙin zirga-zirga. Ɗakin da ake sarrafa ƙofofi daga cikinsa an sa masa sabon gilashi da aka ce ba ya fasuwa. Da tukunyar kashe gobara suka farfasa shi. 'Yan kwangilar da ke gyaran wani rukuni sun bar na'urorin yankan ƙarfe da wuta a cikin gidan, da su aka yanke ƙofofin ɗakunan da aka ɓoye waɗanda ake zargi da kai rahoto. Fursunoni 33 aka kashe cikin sa'o'i 36, wasu ta hanyar da ba ta faɗuwa. Jami'ai 12 da aka kama sun sha azaba, amma duk sun fita da rai, kuma za mu ga dalili nan gaba.

A gidan yarin Strangeways na birnin Manchester a Ingila, 1 ga Afrilun 1990, a cocin gidan aka fara, aka ƙwace makullai daga hannun jami'i. Mutum 1,647 ne a gidan da aka tanada don 970, uku a ɗakin mutum ɗaya, suna bahaya a bokiti. Boren ya yi kwana 25, jami'ai 147 suka ji rauni, wani jami'i ya mutu da bugun zuciya. Irin wannan mutuwar ba kasafai ake lissafa ta ba, alhali aikin ne ya kashe shi.

Yanzu batun gargaɗi. Bore ba ya faɗowa daga sama. Masu aikin sun san alamunsa: fursunoni su fara tara abinci da sabulu daga kantin gida fiye da kima, don sun san za a rufe su kwanaki, masu neman a sauya musu rukuni ko a kai su asibiti su yawaita ba dalili, tsofaffin fursunoni su ƙi fita farfajiya, a ga mutane sun kwanta da takalma a ɗaure, ko sun jibga riguna cikin zafi, da mujallu a cusa a ƙirji don tare wuƙa, ƙungiyoyin da ba sa ga maciji da juna a gan su suna ƙus-ƙus, wani fursuna ya ce wa jami'in da yake ganin mutuncinsa, gobe ka huta a gida. Gandiroban ƙasa ne ke ganin waɗannan, na ofis ba ya gani. Matsalar ita ce hanyar da rahoton zai bi ya kai ga mai iya yanke hukunci.

Gidan yarin James T. Vaughn a jihar Delaware misali ne na kusa. Ranar 1 ga Fabrairun 2017 da hantsi, fursunonin Gini C, su kimanin 120, suka kama jami'ai uku da wata mai ba da shawara. Makonni kaɗan kafin nan ma'aikatan ginin sun nemi a kwashe wasu 'yan tsirarun fursunoni da suke ganin su ne kanwa uwar gami, ba a yi ba. Ginin ba shi da kyamarar tsaro a ciki. Ƙarancin ma'aikata ya sa ana tilasta wa mutum ya zarce aiki na biyu bayan ya gama na farko, sa'a goma sha shida a tsaye. Wanda ya yi sa'a goma sha shida ba ya bincike da kyau, ba ya lura da fuska, kuma bakinsa ba ya da daɗi ga waɗanda yake tsaro. Sajan Steven Floyd, mai shekara 16 a bakin aiki, shi suka kulle a ɗan ɗakin ajiye kayan shara. Daga can ya yi ta ihu yana gaya wa jami'an da suka rugo kawo ɗauki cewa tarko ne, su fita. Sun fita. Fursunonin suka toshe ƙofofi da akwatunan ƙarfe cike da ruwa, sai da asubahin washegari aka fasa bango da motar tona ƙasa. Aka tarar da Floyd ya rasu sakamakon duka da sara. Matar kuwa wasu fursunoni ne suka kewaye ta suka kāre ta har aka fito da ita.

Wannan kāriyar ba baƙon abu ba ce, kuma ita ce ke bayyana mataki na biyu. Da zarar ƙurar farko ta lafa, shugabanni sukan fito daga cikin fursunonin, kuma abu na farko da mai hankali a cikinsu ke ganewa shi ne cewa jami'i mai rai shi ne garkuwarsu. Muddin yana numfashi, hukuma za ta yi jinkirin shigowa da bindiga. A Attica, Musulmin cikin fursunoni ne suka yi wa waɗanda aka kama da'ira a tsakiyar farfajiya, suka hana kowa taɓa su, aka ba su katifa da abinci. A New Mexico ma abin da ya ceci jami'an shi ne an mayar da su kayan ciniki, ana sakin su ɗaya bayan ɗaya don a samu ganin 'yan jarida, fushin kuma ya koma kan 'yan uwansu fursunoni. Aikin mai sasantawa daga waje shi ne ya kiyaye darajar wannan garkuwa. Ya sa mutanen ciki su ci gaba da ganin cewa da ran jami'in suna samun wani abu, ko abinci, ko magani, ko kunnen da zai saurare su. Ba ya ba da makami, ba ya ba da mota, ba ya musayar wani mutum da wanda aka kama. Kuma ba ya barin wani ya yi magana da sunan hukuma sai shi.

Gidan yarin Lucasville na jihar Ohio ya nuna abin da ke faruwa in aka saki wannan igiya. Bayan wani fursuna ya kashe wata malamar makarantar gidan a 1990, aka kawo sabon shugaba, Arthur Tate, ya ƙuntata komai. A 1993 ya ba da umarnin a yi wa kowa gwajin tarin fuka ta hanyar allura a ƙarƙashin fata. Musulmin gidan suka ce ruwan allurar yana ɗauke da sinadarin da suke ɗauka dangin barasa ne, suka roƙi a yi musu hoton ƙirji ko gwajin majina. Ko malamai za su yarda da fahimtarsu ko a'a, wannan magana ce daban. Abin lura shi ne hanyar da suka nema tana nan, likitoci sun san ta, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Shugaban ya ƙi, ya shirya rufe gidan ranar Litinin a yi wa kowa da ƙarfi. Labarin ya fita. Ranar Lahadi 11 ga Afrilu, ranar bikin Ista da ma'aikata suka yi ƙaranci, da misalin ƙarfe uku na rana ana dawowa daga farfajiya, aka far wa jami'ai a rukunin L.

An koya wa ma'aikatan cewa in abu ya ɓaci su kulle kansu a matakalar bayan rukuni, wai nan mafaka ce, za a zo a fitar da su. Bangon mafakar na bulo ne. Fursunoni suka ɗauko sandunan ɗaga nauyi na wurin motsa jiki suka huda shi, ɗaukin kuma bai zo ba. Mutum kimanin 450 suka rage a ciki, da jami'ai takwas a hannu. Ƙungiyoyi uku suka raba iko: Musulmi, da ƙungiyar fararen fata masu wariyar launi, da wata ƙungiyar 'yan daba baƙaƙe. Washegari hukuma ta yanke wuta da ruwa. Ana yin haka don a gajiyar da mutane, amma yana da tsada, domin shugabannin da ke cewa a yi haƙuri sai su rasa abin nuna wa masu zafin kai. Fursunonin suka riƙa rubuta saƙo a zanen gado suna ratayawa ta taga. Ranar 14 ga wata suka rubuta cewa za su kashe jami'i in ba a biya musu buƙata ba. 'Yan jarida suka tambayi mai magana da yawun hukuma, ta ba da amsar da ke nuna barazana ce irin wadda aka saba ji. Mutanen ciki suna da rediyo mai batir, sun ji ta da kunnensu. Washegari da hantsi aka fito da gawar Robert Vallandingham aka ajiye a farfajiya, an shaƙe shi.

Ba za a ɗora kisan a kan wata magana ɗaya ba, wanda ya shaƙe shi shi ya kashe shi. Amma duk mai koyar da sasanci yana kawo wannan misali, don a gane cewa a lokacin garkuwa duk abin da aka faɗa wa 'yan jarida, da mutanen ciki ake magana. Abin takaicin shi ne abin da ya biyo baya ya nuna akwai hanya tun farko. A daren ranar aka bar wani fursuna ya yi magana a rediyo, aka saki jami'i ɗaya. Washegari aka bar wani ya yi magana a talabijin, aka saki na biyu. Aka kawo lauya daga Cleveland, Niki Schwartz, wanda fursunonin suka amince da shi, aka rattaba hannu kan yarjejeniya mai sharuɗɗa 21, ranar 21 ga Afrilu suka miƙa wuya, sauran jami'ai biyar suka fito da ƙafarsu. Fursunoni tara ne suka mutu a hannun 'yan uwansu. Daga baya aka yanke wa mutum biyar hukuncin kisa, yawanci bisa shaidar wasu fursunonin da aka sassauta wa, shi ya sa har yau ake ja-in-ja kan shari'ar.

Mu koma Attica, inda aka yi asara mafi girma. Kwana huɗu ana tattaunawa, da 'yan sa ido da fursunonin suka nema, cikinsu har da lauya William Kunstler da ɗan jarida Tom Wicker. Kwamishina Oswald ya amince da buƙatu 28, na abinci da magani da addini da albashin aiki. Abin da ya gagara shi ne afuwa daga tuhuma da kuma cire shugaban gidan. Mutuwar Quinn ranar Asabar ta ƙulle maganar tamau: yanzu kowane ɗaya daga cikin mutum 1,300 yana iya fuskantar tuhumar kisan jami'i, don haka afuwa ta zama batun rai a wurinsu, ta kuma zama abin da babu ɗan siyasar da zai iya bayarwa. 'Yan sa ido suka roƙi gwamna Nelson Rockefeller ya zo da kansa ko don a sami ƙarin lokaci. Ya ƙi zuwa.

Ranar Litinin 13 ga Satumba da safe, ana yayyafi. Fursunoni suka hau da mutum takwas daga cikin waɗanda suka kama bisa rufin hanyoyin nan, idanu a ɗaure, wuƙa a wuya, don su tsorata hukuma. Da ƙarfe 9:46 jirgi mai saukar ungulu ya zubo hayaƙi mai sa hawaye, 'yan sandan jiha suka buɗe wuta. A duba kayan da aka ba su. Da yawansu bindigar farauta ce mai harsashin da ke tarwatsewa, kowane ɗaya da ƙwayoyin dalma tara ko fiye, waɗanda in sun yi nisa sai su bazu su sami duk wanda ke wurin. Suna sanye da abin rufe fuska na hayaƙi, ba sa gani sosai. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi garkuwa da su an tuɓe musu kaki an sa musu kayan fursuna, ba mai iya bambance su daga nesa. 'Yan sandan ba a horar da su kan ƙwato gidan yari ba. Gandirobobin gidan, waɗanda aka ce kada su shiga saboda zuciyarsu na tafasa, wasunsu sun shiga sun yi harbi. Ba a tanadi isassun likitoci da jini ba. Harbin na 'yan mintoci ya kashe fursunoni 29 da ma'aikata 10 da aka je ceto.

Hukuma ta gaya wa duniya cewa fursunoni ne suka yi wa ma'aikatan yankan rago, jaridu suka buga. Washegari likitan binciken gawa, John Edland, ya fito ya ce babu ko ɗaya da wuƙa ta kashe, duk harsashi ne, kuma fursunonin ba su da bindiga ko ɗaya. Cikin ma'aikata 11 da suka mutu a Attica, ɗaya ne fursunoni suka kashe.

Wannan ba ya nufin kutsawa da ƙarfi haramun ce a kowane hali. In an fara kashe waɗanda aka kama, ko ana ji ana azabtar da su, jira ya zama laifi, kuma iyalan Floyd sun kai ƙara bisa zargin cewa an yi jinkiri, jihar ta biya su da sauran ma'aikatan fiye da dala miliyan bakwai. Bambancin yana ga yadda ake shiga. A gidan yarin Talladega na jihar Alabama, a watan Agustan 1991, 'yan Kuba da ake tsare da su sun riƙe ma'aikata kwana tara. Aka yi ta magana da su, ana tattara bayanin ɗakin da aka ajiye mutanen, aka ba su abinci suka ci suka yi barci. Kafin asuba rundunar ceto ta FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta fasa ƙofofi da nakiya, ta nufi ɗakin kai tsaye, ta fito da kowa cikin 'yan mintoci, ba a rasa rai ba. Ƙaramar runduna mai horo, da sanin inda mutanen suke, da lokacin da kowa ya gaji. A Atlanta kuwa a 1987, an riƙe mutum kusan ɗari har kwana goma sha ɗaya, haƙuri da sasanci kawai suka fito da su duka.

A ƙasashenmu hoton ya ɗan bambanta, kuma kuskure ne a kwafo darasin Amurka ba tare da lura da haka ba. Yawancin jami'an da aka kashe a gidajen yarin Najeriya a 'yan shekarun nan daga waje aka zo musu, da nakiya da manyan bindigogi: Bauchi a 2010 inda aka saki mutum fiye da 700, Koton Karfe a 2012, Jos a 2021, Kuje a watan Yulin 2022 inda fiye da 800 suka fice. Wannan yaƙi ne, maganinsa katanga da leƙen asiri da sojoji. A Yamai kuwa, a watan Yunin 2013, daga ciki aka fara, da makamin da ya isa hannun fursunoni, aka kashe masu gadi aƙalla biyu, mutum 22 suka tsere. Tambayar a nan ta binciken baƙi da kayan abinci ce a bakin ƙofa. Amma itacen da ke kama wutar bore na ciki duk muna da shi jibge. Ikoyi ta Legas an gina ta don mutum 800, ta sha ɗaukar ninki uku na haka. Kusan biyu bisa uku na ɗaurarrun ƙasar masu jiran shari'a ne. Wanda aka yanke wa shekara biyar yana ƙirga kwanaki, yana tsoron abin da zai ƙara masa wa'adi. Wanda ya shekara bakwai ba a ko kira ƙararsa ba, da me za a tsorata shi? A Kaduna, ƙarshen Maris na 2020, tsoron korona da jita-jitar afuwa kaɗai sun isa tayar da rikici a ɓangaren waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, har aka rasa rayukan fursunoni. Dokar hukumar gyaran hali ta 2019 ta ba shugaban hukumar na jiha ikon sanar da alƙalin alƙalai in gida ya cika, har ma ya ƙi karɓar sababbi in ba a ɗauki mataki ba. Wannan sashe na kāre gandiroba ne kamar yadda yake kāre fursuna, in za a yi aiki da shi.

Bayan an wanke jini kuma sai wata shari'ar ta taso, wadda ba a cika ba da labarinta ba. A Attica an tuhumi fursunoni 62 da ɗan sanda ɗaya tak, a 1976 gwamna Hugh Carey ya rufe maganar baki ɗaya. Matan ma'aikatan da suka mutu kuwa, tun suna cikin zaman makoki aka kawo musu cakin kuɗi, suka karɓa suna zaton taimako ne na jiha. Ashe kuɗin diyyar rauni a bakin aiki ne, kuma a dokar jihar duk wanda ya karɓe shi ya sarayar da haƙƙinsa na kai ƙarar wanda ya ɗauke shi aiki. Wata bazawara ɗaya da ta ƙi karɓa ita ce ta kai ƙara ta yi nasara. Fursunonin da aka azabtar bayan ƙwato gidan sun yi ta shari'a har aka ba su dala miliyan 8 a shekarar 2000. Sai da iyalan ma'aikatan suka ga haka suka kafa ƙungiya, suka yi ta zarya majalisar jiha, kafin a 2005 aka amince a biya su dala miliyan 12, shekara 34 bayan harsasan gwamnatin da suke wa aiki sun kashe mazajensu da iyayensu.